"Nama Nawa?": Abin Da Ya Same Mu A Wani Gidan Abinci A Basirka

Da na yi niyyar mu ci gaba da zancen yaye da muka faro, amma wani abu ya same ni a hanya da ya ƙi barin raina, na ce gara in sauke shi a nan.

Ina da 'ya mai shekara 15 da ba ta cin nama. Ba ciwo ba ne, ba kuma likita ne ya hana ta ba. Tana 'yar shekara 6 aka sayo mana ragon layya tun saura wata biyu Sallah, ita ke ba shi dusa da harawa, har suna ta raɗa masa. Ranar Sallah ta leƙo ƙofar gida a daidai lokacin da bai kamata ba. Tun daga ranar ko ƙamshin romo ta ji sai zuciyarta ta tashi. Babu abin da ban gwada ba: lallashi, faɗa, daka naman in ɓoye a miya, har rubutu kakarta ta karɓo mata. Duk wanda ta ci sai ya dawo. Daga baya kifi ma ya bi sahu. Da na ga tana girma lafiya, ga tsayi har ta kusa kamo ni, sai na sallama. A gida babu wata wahala, kafin in zuba nama a miya nake ɗebar mata nata a ƙaramar tukunya. Wahalar tana farawa ne da zarar mun taka waje.

Watan jiya muka tashi daga Kano ni da ita zuwa Basirka, a ƙaramar hukumar Gwaram, bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata. Wadda ta san hanyar ta san ta: Wudil, Kwanar Huguma, Birnin Kudu, sannan ki miƙe kamar za ki Darazo ta jihar Bauchi. Mota ba ta cika da wuri ba, ba mu sauka ba sai bayan azahar, ga shi ko karin kirki ba mu yi ba. Na san abincin gidan biki, babu tukunyar da romo bai shiga ba. Don haka na ce mu fara tsayawa a wani gidan abinci na bakin titi, irin wanda direbobi ke cika, rumfar kwano da benci da labule.

Muka yi sallama muka zauna. Wata yarinya da ba za ta girmi tawa ba ta zo ta tsaya a kanmu, ko gaisuwa babu, ta ce, "Nama nawa?"

Kun san tambayar. A gidajen abincinmu ita ce ta farko, kafin ma a ji shinkafa kike so ko tuwo. Na ce mata shinkafa za a ba mu faranti biyu, ba nama. Na haɗa da kaina ne don kada yarinya ta ga ita kaɗai ce daban. Mai kawo abincin ta dube ni daga mayafi har takalmi, ta juya ba ta ce komai ba.

Muka zauna. Direbobi uku suka shigo bayanmu, aka ba su, har ɗaya ya ci ya nemi ƙari. Wani mai babur ya shigo, aka ba shi. Na kira ta sau biyu tana cewa "ana zuwa". Da abincin ya iso, shinkafa ce an malale ta da jar miya, ga maiƙon nama yana ƙyalli a sama, ga wani ɗan zaren tsoka a gefen farantin 'yata. An dai sa ludayi an kauce wa yankan, shi ke nan.

Na ce, "'Yan mata, ai na ce ba nama."

Ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "To Hajiya ai babu naman. In kuɗin ne bai kai ba ku faɗa mana."

Wani dattijon direba da ke bencin gefe, bawan Allah, da zuciya ɗaya ya ce, "Haba, sa wa yarinya guda biyu, ni zan biya." Na san alheri ya nufa, Allah ya saka masa. Amma na ga 'yata ta sunkuyar da kai, ta jawo hijabinta ta rufe hanci, ta raɗa min, "Umma ƙyale su kawai, ba na jin yunwa." Yarinyar da rabonta da abinci tun kokon safe. Wannan maganar ce ta fi yi min ciwo, don a nan na gane ta riga ta saba: a makaranta, a gidan suna, a gidan ƙawaye, ta gwammace ta kwana da yunwa da ta sake yin bayanin kanta.

Ba zan ɓoye muku ba, na ɗaga murya. Na faɗa wa yarinyar nan maganar da ban ji daɗin kaina ba daga baya, ita ma ta murguɗa baki, rumfa ta yi tsit. Babu abin da faɗan ya kawo mana, shinkafa tana nan yadda take.

Sai na tashi na zaga baya wajen murhu, inda mai gidan abincin take, wata dattijuwa tana tuƙa tuwon dare. Na gaishe ta yadda ake gaida babba, na tambayi aiki da kasuwa, sannan na ce, "Mama, yarinyata ce ba ta iya cin abin da romo ya taɓa, amai take yi. Ko akwai farar shinkafa da ba a sa wa miya ba?" Ta ajiye muciya ta ce, "Ayya, ai da nan kika fara zuwa." Cikin minti biyar aka kawo farar shinkafa da dafaffen wake da man gyaɗa da yajin ƙuli, aka yanka albasa da tumatir a kai. Ta kuma aiki wani yaro tsallaken titi ya sayo awara mai zafi. Garau-garau ke nan, abincin da duk muka tashi da shi, yana nan a bayan labule tun shigowarmu.

Tun a motar dawowa nake juya abin. Laifi kashi biyu ne, kuma ɗaya nawa ne. A bakin mai sayar da abinci, "ba nama" yana nufin ba yanka, bai taɓa nufin ba romo ba. Yarinyar ta kawo abin da kunnenta ya ji. Shi ya sa na biya kuɗin farantan farko biyu ba gardama, aka miƙa wa almajirai. Abin da ban yarda da shi ba, kuma na faɗa wa dattijuwar a hankali, shi ne a bar mutum yana kallon waɗanda suka zo bayansa suna ci, sannan a yi masa gorin kuɗi a gaban jama'a. Na fahimci dalilin: ribar gidan abinci tana wajen yankan nama, mai cewa ba nama cinikinsa kaɗan ne. Na kuma san yarinyar nan tun asuba take tsaye, kuma abin da ake ba ta bai taka kara ya karya ba. Amma a ce ma kuɗin ne babu, sai me? A wannan tsadar, gida nawa ne ake kwana bakwai ba a ga nama ba? Uwar da ta shigo da 'ya'yanta ta ce a ba su shinkafa da mai saboda abin da ke hannunta ke nan, ita ta fi kowa cancantar a kare mata mutunci.

Abin dariyar, mu ne muke da abincin da wasu ƙasashe ke biyan kuɗi mai yawa su ci. A Ingila tun 1944 wani mutum mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar waɗanda ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, nama da kifi da ƙwai da madara har zuma. Su ne ake kira 'yan bigan, kuma yau a manyan biranen Turai gidajen abinci na musamman gare su. A Indiya, abincin da ke cikin leda ko gwangwani ana buga masa koren ɗigo idan babu nama ko kifi ko ƙwai a ciki. A Habasha, Kiristocin Orthodox ba sa cin abin dabba ranakun Laraba da Juma'a, don haka mai gidan abinci ba ya mamaki in an nemi irin wannan. To mu fa? Ɗanwake da mai da yaji, gurasa da ƙuli, kwaɗon zogale, kwaɗon rama, dambu, ƙosai da kunun gyaɗa, faten wake, miyar kuka da daddawa ta ji, awara ta waken suya. Ga Jigawa da riɗi da zoɓo. Duk waɗannan babu wanda yake jiran nama kafin ya yi daɗi. Mun dai ɗauke su abincin talaka ne, shi ya sa sai a tallan 'yan mata ake samunsu, gidan abinci mai benci yana jin kunyarsu.

Ni 'yata ba 'yar bigan ba ce, tana shan nono, tana cin ƙwai. Kuma ba ta taɓa cewa nama haram ne ba, da ta faɗa da mun yi rigima. Ya tabbata cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) naman damo bai ci ba saboda ransa bai so shi ba, bai kuma haramta shi ba, Khalid bin Walid ya ci a gabansa. Wannan nake tuna wa gwaggonninta idan suka fara cewa wane miji ne zai zauna da wadda ba ta cin nama.

Ga wadda take da irin wannan yaro, ko wadda likita ya ce wa mahaifiyarta ko maigidanta su rage nama, ga abin da shekara 9 suka koya min. Kada ki ce "ba nama" ki yi shiru. Ki ambaci abin da kike so da sunansa: farar shinkafa, wake, man gyaɗa, yaji, miya kada ta taɓa farantin. Ki tambaya kafin ki zauna, ba bayan an zuba ba. Kuma ki nemi mai tukunyar, don yarinyar da ke kai faranti sau da yawa ba ta san abin da aka zuba ba, ba ta kuma da ikon canza komai.

Akwai wuraren da abin yake ɓuya. Dafa-duka kusan kullum da romo ake yin ta. Miyar taushe da ake ba da waina da ita takan sha ƙashi. Miyar kuka da ta kuɓewa wasu da busasshen kifi suke kaɗawa. Alala takan zo da kifi ko ƙwai a ciki. Dankali da doya wani lokacin a man da aka soya kaza ake soya su, wannan ya taɓa kama mu. Dunƙulen ɗanɗano ma akwai mai ɗanɗanon kaza. Wanda kuma ba ya son abin dabba gaba ɗaya, sai ya lura da man shanu a kan tuwo da awarar da aka tsoma a ƙwai.

Sai batun lafiya, don na san shi ne zai fara zuwa ran kowace uwa. Wake da gyaɗa da waken suya suna gina jiki. Abin lura shi ne jini, musamman ga budurwar da ta fara al'ada: wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe, amma jiki ya fi ɗaukarsa idan an haɗa da tumatir ko lemo, shayi kuma a kan abinci yana rage shi. Sannan akwai bitamin B12 wanda ba a dogara da tsiro wajen samunsa. Mai shan nono da cin ƙwai yana samu, wanda ya bar su duka dole ya nemi shawarar likita a kan ƙwayarsa. Ni nakan kai tawa a duba jininta lokaci-lokaci, hankalina ya fi kwanciya.

A gidan bikin kuwa, kamar yadda na zata, shinkafa ce da romo da soyayyen nama a kowace kula. 'Yata ta sha fura, ta ci alkaki da nakiya, ta shiga cikin 'yan uwanta ana ta hira, babu wanda ya lura.

Bayan kwana biyu da za mu koma, ita da kanta ta ce mu biya ta wajen Mama mai abinci kafin mu hau mota. Yarinyar nan ce dai ta taso. Ta buɗe baki ta ce "Nama na...", sai ta gane mu, ta yi shiru. Ni ma na ji nauyin abin da na faɗa mata ranar, na ce, "Sannu da aiki 'yata." Ta ce, "Yauwa Hajiya. Yau wake ya ƙare tun hantsi, kada ku zauna jira. Amma akwai mai ɗanwake can kusa da inda motocin Birnin Kudu ke lodi, nata ba ta sa ƙwai sai an ce."

Can muka je, muka saya a leda, muka ci a mota.