WANDA RUWA YA CI: RADDI GA MASU CEWA "INA RUWANMU DA DOKAR JANEBA?"

  

Ya 'yan'uwa, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu, tun daga teburan mai shayi na Samaru har zuwa rumfunan kasuwar Sabon Gari. Da zarar an nuna hoton jirgin ruwan yaƙi yana nutsewa, mutane suna fafutuka a cikin teku, in na waɗanda muke ƙi ne sai ka ji ana cewa a ƙarasa su. In wani ya ce ai akwai doka, sai a ce masa dokar Nasara ce, kuma mu da ba mu da teku ina ruwanmu? Wannan magana ɓata ce, kuma wajibi ne a warware ta da hujja.

Dokar da ake nufi ita ce Yarjejeniyar Janeba ta biyu, wadda aka ƙulla ranar 12 ga Agusta, 1949. Tana da sassa 63, kuma ta shafi sojan da ya ji rauni, ko ya yi rashin lafiya, ko jirginsa ya nutse a yaƙin teku. Sashe na 12 ya wajabta kiyaye ransa da yi masa magani ba tare da duba addininsa ko ƙasarsa ba. Sashe na 18 ya ɗora wa mayaƙa nauyin neman waɗanda ke cikin ruwa su tsamo su bayan kowace arangama, ba da jinkiri ba. Sashe na 22 ya haramta kai hari ga jirgin asibiti. Wanda aka tsamo daga cikin abokan gaba ya zama fursunan yaƙi, kashe shi da gangan kuwa babban laifi ne. Nijeriya ta shigar da wannan cikin dokokinta a 1960.

Shubuha ta farko ita ce wai ba mu da teku. To, mai wannan magana ya taka zuwa Barikin Chindit da ke nan Zariya ya tambayi asalin sunan. Sunan wata rundunar Ingila ce da ta yi yaƙin Bama, wadda bataliyoyin Nijeriya uku suka yi yaƙi a cikinta a 1944. Ta ina kakanninmu suka isa Bama? A 1943 da 1944 aka loda dubbansu a jiragen ruwa zuwa Indiya, a lokacin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus da Japan ke farauta a waɗannan tekuna. Manomi ɗan Giwa ko Soba da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Kubanni ba, da jirginsa ya kife, me ya rage masa in ba tausayin abokin gaba ba? A yau ma 'ya'yanmu suna shiga sojan ruwa, ana horar da hafsoshinsu a Kaduna da Jaji, rundunar tana da makarantar koyon makamai a Kachiya. Wanda ya ce a ƙarasa na cikin ruwa, ya sani la'alla ƙanensa yake yanke wa hukunci.

Shubuha ta biyu ita ce wai dokar kafirai ce. Muna tambaya: shin su suka fara? Imam Muhammad bin Hasan Ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 189 bayan Hijira, ya wallafa littattafan Siyar a kan hukunce-hukuncen yaƙi da sulhu da amana, sama da shekara dubu kafin taron Janeba. Aya ta 8 ta Suratul Insan ta yabi masu ciyar da fursuna. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Sayyidina Ali (RA) ya hana a ƙarasa mai rauni ko a bi wanda ya juya baya a ranar Jamal.

Mai ilimi zai ce: ai hukuncin Jamal na yaƙi tsakanin Musulmi ne, kuma akwai malaman fiƙihu da suka halatta ƙarasa mai rauni a yaƙi da kafirai. Gaskiya ne, ba mu ɓoye wannan ba. Amma halal ne suka ce, ba wajibi ba, kuma sun faɗi haka ne a inda babu alkawari. Idan aka ƙulla mu'ahada, cika ta ya zama farilla, kamar yadda ayar farko ta Suratul Ma'ida ta yi umarni. Muslim ya ruwaito cewa Ƙuraishawa sun kama Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa, suka sake su bisa alkawarin ba za su yaƙe su ba. Da suka iso, Manzon Allah (SAW) ya hana su shiga yaƙin Badar domin a cika wa mushirikai alkawarinsu, alhali Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne gaban kusan dubu. Ƙasashen Musulmi duka sun shiga wannan yarjejeniya, har alamar jan jinjirin wata da Daular Usmaniyya ta fara amfani da ita an amince da ita tun 1929. To, wa ya ba mu izinin yaudara?

Shubuha ta uku ita ce mafi ƙarfi: wai waɗanda suka rubuta dokar su ne kan gaba wajen taka ta. A nan ba mu da ja, hasali ma za mu ƙara musu hujja. Ranar 12 ga Satumba, 1942, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin Ingila mai suna Laconia a tekun Atilantika, yana kan hanyarsa ta zuwa Saliyo ɗauke da fursunonin Italiya kimanin 1,800. Kwamandan Jamus, Hartenstein, ya tsaya yana tsamo mutane, ya aika saƙo a fili yana neman agaji, ya shimfiɗa tutar jan kuros. Ranar 16 ga wata jirgin saman Amurka ya zo ya yi masa ruwan bama-bamai da waɗanda ya ceto a tare da shi. Kashegari shugaban jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus, Donitz, ya hana jiragensa ceton kowa.

A watan Maris na 1944 wani kwamandan Jamus, Eck, ya nutsar da jirgin Peleus da ya taso daga Saliyo, ya sa aka yi ta harbin tarkacen da mutane ke maƙale da su. Cikin mutum 35, uku kawai suka rayu. An yi masa shari'a a Hambug, aka harbe shi da hafsoshinsa biyu ranar 30 ga Nuwamba, 1945. Ya cancanci hukuncinsa. Amma a Maris na 1943 jiragen Amurka da Ostareliya sun harbe sojojin Japan a cikin kwale-kwalen tsira a tekun Bismak, ba wanda ya gurfana gaban alƙali. Ko a ranar 2 ga Satumba, 2025, sojan Amurka sun harbi wani kwale-kwale da suka zarga da safarar ƙwaya a tekun Karibiyan, sannan suka sake harbi na biyu da ya kashe mutum biyu da suka tsira. Waɗannan ba sojoji ba ne ma, kuma littafin dokar yaƙi na ma'aikatar tsaron Amurka da kansa ya kawo harbin wanda jirginsa ya nutse a matsayin misalin umarnin da haramcinsa ya bayyana.

Duk wannan ya tabbata. Sai dai mu tambayi kanmu: da wane ma'auni muka gane cewa zalunci ne? Da wannan dokar da ake cewa a jefar. Ɓarawo ya yi sata ba ya mai da sata halal, kuma alƙali ya karɓi rashawa ba ya sa a rushe shari'a. In aka soke ƙa'idar, mai manyan jiragen yaƙi bai yi asarar komai ba, mai rauni ne zai rasa abin da zai kafa hujja da shi. Labarin Laconia ya isa wa'azi: cin amana guda ya jawo aka rufe ƙofar ceto ga dubban mutane daga kowane ɓangare.

Saboda haka muna kira ga malamanmu na Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello da su fitar da babin Siyar daga ɗakin karatu su kawo shi masallatai da Hausa. Muna kira ga iyayen da 'ya'yansu ke sanye da kaki da su gaya musu cewa umarnin harbin wanda ke nutsewa saɓon Allah ne, kuma babu biyayya ga abin halitta a cikin saɓon Mahalicci. Muna kira ga matasanmu da su kame harsunansu daga murna da mutuwar wanda makami ya riga ya faɗi daga hannunsa.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ya rage ga mai miƙawa ya zaɓi abin da zai miƙa, kuma za a tambaye shi ranar gobe ƙiyama. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.