Hanyoyin Kebbi: Gyara na hannun ƙaramar hukuma, a ba ta kuɗin aikinta

Duk wanda ya ratsa lungunan Badariya a Birnin Kebbi bayan ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta ya san yadda abin yake. Ruwa ya kwanta a tsakiyar layi, masu babur na neman gefen da za su raɓa, 'yan makaranta sun naɗe wando. Da rani kuma ramukan da ruwan ya bari su ake kaucewa. Haka lamarin yake a hanyoyin burji da ke haɗa ƙauyuka da garin Argungu.

Abin da ke kashe hanya a kwarin Rima ba boyayye ba ne: ruwa ne. Idan lambatu ya cika da yashi da leda, ko kwalbati ta toshe, ruwa sai ya hau kan titi ya kwana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da kwalta ta ɗan tsage, ruwa ya shige ƙarƙashi, ƙasar ta yi laushi, mota mai nauyi ta bi ta kai, rami ya buɗe. Ramin da tifa ɗaya ta jan ƙasa za ta cike a watan Mayu, idan aka bar shi ya ga damina biyu, sai an kira ɗan kwangila.

Waye ke da alhakin wannan aiki? Kundin tsarin mulkin 1999 bai bar wurin gardama ba. Jadawali na huɗu ya lissafa gina da gyara hanyoyi da layukan unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Hukumar FERMA, da aka kafa a 2002, manyan titunan tarayya ne nata. Gwamnatin jiha na da nata. Layin da ke bi ta ƙofar gidan mutum da hanyar da ke fito da shinkafa daga fadama kuwa, na sashen ayyuka ne na ƙaramar hukuma, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi tana da wannan sashe.

Dattawa na tuna zamanin da leburorin hanya ke da zango-zango, kowace ƙungiya da yankinta, da shebur da diga da baro, suna yashe kwata suna cike rami tun bai yi baki ba. A yau a sassan ayyuka da dama a faɗin Arewa, akwai injiniya da ma'aikata a ofis, amma gireda ta daɗe a kan duwatsu, babu mai, babu kuɗin kayan gyara. Babban dalili shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya sa kuɗin da ke isa hannun ciyaman sau da yawa ba ya wuce na albashi.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kason da ya kai kashi 20.6 cikin ɗari. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Ya kamata gwamnatin Nasir Idris ta kasance cikin masu sakin wannan kuɗi ba tare da kwana-kwana ba, domin Kebbi na cikin jihohin da suka fi asara idan hanyar karkara ta mutu.

A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. A Argungu akwai babban kamfanin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Amma buhun shanshera ba ya tashi sama ya isa injin. Idan mota ta ƙi shiga ƙauye, manomi ya koma ga amalanke da babur, kuɗin dako ya ninka, ɗan kasuwar da ya iya kutsawa ya saya yadda ya ga dama. Mace mai naƙuda da ake son kaiwa asibiti cikin dare ita ma hanyar nan za ta bi. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a jihar, ta nuna yadda ƙauye ke yankewa daga gari cikin kwana ɗaya.

Babban titin Sakkwato zuwa Badagry da zai ratsa Kebbi abin maraba ne, haka ma shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa. Sai dai duk hanyar da aka gina, ranar da ɗan kwangila ya kwashe kayansa ranar take fara tsufa, kuma wanda zai zauna da ita shi ne sashen ayyuka.

Don haka ya kamata kowace ƙaramar hukuma, daga Birnin Kebbi da Argungu, ta ware kaso na musamman a kasafinta domin gyara kawai, wanda ba za a karkatar zuwa sabon aiki ba. A tayar da gireda da tifa, a ɗauki matasan kowace mazaɓa aikin yasar lambatu daga Afrilu, kafin ruwan farko. A manna jerin hanyoyin da za a gyara da kuɗinsu a sakatariya da fadar hakimi, domin kansila ya san za a tambaye shi.

Su ma mazauna unguwa akwai nasu. Mai zuba shara a kwata, da mai gina shago a kan hanyar ruwa, da mai fasa titi ya ja famfo ya bar ramin a buɗe, duk suna cikin masu kashe hanyar. Masu unguwanni su tsawata, hukuma kuma ta hukunta wanda ya ƙi ji, tun kafin damina mai zuwa ta sauka.