HAƘƘIN HANYA A KAN MAI BIN TA

Maganarmu ta wannan mako a kan wata al'ada ce ta matasan ƙasar Amurka, wadda ta cancanci iyaye su tsaya su dube ta da idon basira. Idan hutun makaranta ya zo, sai ka ga 'yan shekara sha biyar zuwa sha tara sun goya jakunkuna, sun hau duwatsu, sun kafa tantuna a daji, suna gyaran hanyoyin ƙafa, alhali ba kwabo ake biyansu ba.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin hanyoyin da ake nufi. Mutanen can suna da sha'awar tafiyar ƙasa a cikin duwatsu domin shan iska da motsa jini. Mafi shahara cikin hanyoyinsu ita ce wadda ta bi jerin duwatsun Afalashiya a gabashin ƙasar. Wani mutum mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawararta a 1921, aka gama haɗa ta a 1937. Tsawonta kimanin mil 2,200 ne, watau wajen kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, tun daga Jojiya a kudu har Dutsen Katadin a arewa. Abin mamaki shi ne, yawancin aikin kula da ita yana hannun ƙungiyoyin 'yan sa kai kimanin talatin, kowace da yankin da aka damƙa mata amana.

Shigar matasa cikin irin wannan aiki kuwa tana da nata tarihi. A 1955 wata ɗaliba mai suna Elizabeth Cushman ta rubuta takardarta ta gama kwaleji, inda ta ce gandun dajin gwamnati suna lalacewa saboda yawan baƙi da ƙarancin ma'aikata, me zai hana a gayyaci ɗalibai su taimaka? A 1957 aka fara da mutum 53 a gandun daji biyu, Grand Teton da Olympic. Daga nan ƙungiyar ɗalibai masu kiyaye daji ta samo asali, dubban matasa suka bi ta cikinta, har Shugaba Obama ya ba matar lambar girma a 2010.

To, mene ne ainihin aikin? Wanda bai sani ba zai zaci sare ciyawa ne kawai. Amma babban abokin gabar hanyar dutse shi ne ruwa. Ƙafafun mutane suna danne ƙasa har tsakiyar hanya ya lotsa. Idan aka yi ruwan sama, sai ya sami magudana a shirye, ya gangaro da ƙarfi yana kwashe ƙasa, kafin damina biyu ko uku hanya ta zama kwazazzabo. Saboda haka matasan nan sukan binne gungumen icce ko jerin duwatsu a karkace a gicciyen hanya, domin su karkatar da ruwan zuwa gefe tun bai yi ƙarfi ba. Inda gangara ta yi tsanani, sai su girke matakala ta duwatsu, suna mirgino kowane dutse da sandar ƙarfe, mutum uku ko huɗu a kan guda. Makaminsu na yau da kullum wani ƙarfe ne mai baki biyu, gatari a gefe ɗaya, fartanya a ɗaya gefen. A dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe, an hana amfani da injuna, don haka itacen da ya faɗi ya tare hanya da dogon zarto ake yanka shi, mutum biyu suna ja suna saki.

Akwai wani abu kuma da suke gyarawa wanda yake da darasi babba. Hanyar hawa dutse ba a miƙe ake yin ta ba, lanƙwasa ta ake yi dama da hagu domin hawan ya yi sauƙi, ruwa kuma kada ya sami miƙaƙƙiyar mafita. Sai mai gaggawa ya zo ya yanke, ya bi ta tsakiya. Na bayansa ya ga sawu ya bi. Kowannensu yana ganin takunsa ɗaya ba zai ɓata kome ba, amma a ƙarshe gefen dutsen ya zaizaye. Yaron da ya yini yana jan ƙirare da duwatsu domin toshe wannan yanke, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kan yadda ƙaramar ɓarna take taruwa ta cinye dukiyar jama'a.

Zaman sansanin ma makaranta ce. Su suke dafa abincinsu bi da bi, su ɗebo ruwa su tace shi, su kauce wa bakin rafi da nisa idan za su kewaya, su kuma kwaso sharar da suka tara su sauko da ita. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka tanti ɗaya, tukunya ɗaya.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Sananne ne a cikin ingantattun hadisai cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma an ƙidaya shi cikin rassan imani. Sunan Zubaida matar Haruna Rashid bai ɓace ba har yau saboda rijiyoyi da tafkunan da ta sa aka gina a kan hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka. Kakanninmu ma da gayya suke share turbobi bayan damina, domin sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin tambaya a nan, ya kai ɗan kasuwa, ya kai ma'aikacin gwamnati, shi ne yaushe rabon da ɗanka ya yi wani aiki wanda ba lada zai karɓa ba, ba kuma sunansa za a ambata ba? Matafiyin da ya taka matakalar nan bayan shekara ashirin bai san wanda ya girke ta ba, shi ma mai girkewar ya san ba za a gode masa ba, amma ya daidaita dutsen sosai domin kada wani ya zame. Yaron da ya saba da haka, idan ya girma aka damƙa masa baitulmali ko ma'auni, da wuya ya ci amana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba sai an je dutsen Amurka ba. Magudanar ruwan ƙofar gida da turbar makabarta da hanyar da yara suke bi zuwa makaranta duk suna jiran hannu. Idan hutu ya zo, a ba yaro shebur, uba kuma ya fita tare da shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace. Wassalamu.