Ka Ci Gwanjo, Kuɗin Dako Ya Ci Ka

Ranar Juma'ar da ta wuce, ana saukowa daga masallaci a nan Agege, ɗan wana da ke gyaran waya a Computer Village ya tare ni yana washe baki. Ya ce, "Baffa, na ci gwanjo!" Ya miƙo min wayarsa. Madubin nan ne mai ƙara girman abu, wanda masu gyara ke leƙa cikin injin waya da shi. Kwana biyar yana gadinsa a wani shafin gwanjo na Amurka, har da tashi cikin dare don ya yi tayin ƙarshe. Ya same shi a kan dala 12. Na ce masa madalla, amma ɗan gangara ƙasa mu gani. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ga kuɗin turowa: dala 68. Kuma ba zuwa Legas ba, zuwa adireshin kamfanin da ke haɗa musu kaya a can Amurka ne kawai. Daga nan sai an sake auna shi a kilo kafin ya hau jirgi.

Muka tsaya a gindin rumfar mai shayi muka duba. Irinsa sak, wani yana sayarwa dala 55, turowa dala 15. Wato 70 ke nan, nasa kuwa 80. Yaro ya yi shiru, can ya ce, "Amma ai Baffa dala 12 na saya." Wannan maganar tasa ita ce ta sa na zauna rubutun nan, domin da yawanmu haka muke lissafi. Kuɗin kaya muke riƙewa a ka, kuɗin dako kuma mu ɗauke shi tamkar ruwan sama, abin da ba mai iko a kansa.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma tana da tarihi a inda ta fi shahara. Kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, ya daɗe yana cire kamashonsa daga kuɗin da aka sallama kaya kawai, ba ya taɓa kuɗin turawa. To ka san ɗan kasuwa, ko a ina yake, in ya ga ƙofa sai ya bi. A ce kamashon kashi 10 cikin 100 ne. Mai kayan dala 50 da turawar dala 5 zai ba kamfani dala 5. In kuwa ya sa kayan a dala 1, ya ce turawa dala 54, mai saye ya biya 55 ɗin nan dai, amma abin da kamfani zai samu bai kai ko kwata na dala ba. Ga kuma kayansa a saman layi duk sanda aka nemi mafi araha. Riba biyu.

Kamfanin ya gwada magani iri-iri. A 2007 ya kawo tsarin da mai saye zai ba mai kaya maki a kan abubuwa daban-daban, ciki har da ko kuɗin turawarsa na hankali ne. Ya sa iyaka a kan abin da za a iya caji wajen tura irin su littattafai da faya-fayai. Ya sa hanyar da za ka jera kaya bisa jimillar kuɗin kaya da na turawa. Sai a 2011 ya yi mai gaba ɗaya: ya ce daga yanzu kamashonsa zai hau kan duk abin da mai saye ya biya, har da kuɗin turawa. Masu gaskiya cikin masu sayarwa suka yi ta kuka, kuma suna da hujja, tunda yanzu ana cire musu kamasho a kan kuɗin da gidan waya suka miƙa wa, ba aljihunsu ya shiga ba. Da yawansu suka koma rubuta cewa turawa kyauta ce, suka zuba kuɗin cikin farashin kaya. Kyauta dai a baki.

Abin lura shi ne, an toshe waccan ƙofa yau fiye da shekara goma, amma ɗabi'ar ba ta mutu ba. Ga madubin ɗan wana shaida. Dalili kuwa, gudun kamasho rabin labarin ne kawai. Ɗaya rabin yana cikin kanmu mu masu saye. Wasu masana tattalin arziki biyu, Tanjim Hossain da John Morgan, sun taɓa gwada abin da kansu: suka sa faya-fayan waƙa da na wasan kwamfuta a gwanjon eBay, wasu da ƙaramin farashin farawa da kuɗin turawa mai yawa, wasu akasin haka. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna cewa mai ƙaramin farashi da tsadar turawa ya fi janyo masu tayi, kuma a mafi yawan gwajin ya fi kawo kuɗi. Mutane na ganin kuɗin turawar, ba a ɓoye yake ba, amma ba sa ba shi nauyinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin gwanjon dabbobi ko na motoci ya san zafin nan: da zarar wani ya ɗora a kan tayinka, ka daina sayen kaya, ka koma kokawa.

Mu da ke nan abin ya fi yi mana ciwo, saboda dalilai da Ba'amurke bai san da su ba. Yawancin masu kaya a can ba sa turowa Najeriya kai tsaye, don haka 'yan kasuwarmu na Ikeja da Alaba da Ladipo sai sun bi ta hannun masu haɗa kaya, a biya dako sau biyu. Kuma ƙa'idar eBay ta mayar da kuɗi ba ta rufe kayan da aka sake turawa wani adireshi bayan sun isa inda aka rubuta. In kuwa kai ne ka canza ra'ayi ka mayar da kaya, mai kaya na iya riƙe kuɗin turawar farko. Ka duba lissafin ɗan wana: ko da an yarda ya mayar, dala 12 za ta dawo, 68 ta tafi. Wanda ya tsara farashinsa haka ya san abin da yake yi. Sannan ga canji. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala ba ta kai N500 a farashin gwamnati ba. A 2024 ta haura N1,500. Dala goman da ake ganin ba komai ba ce a can, a nan cefanen gida ne.

Akwai abu biyu da ya kamata duk mai sayo kaya daga waje ya sani, don kada a riƙa rufe masa baki da turanci. Na farko, manyan kamfanonin jigila ba nauyin kaya kaɗai suke dubawa ba, har da girman kwali. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 5,000, abin da ya fito shi ne kilon girma, kuma wanda ya fi yawa tsakaninsa da nauyin gaske shi za ka biya. Kwali mai 40 da 30 da 30 ya zama kilo 7.2, ko da takalmi ƙafa biyu ne a ciki. Saboda haka wani lokaci tsadar gaskiya ce, sai dai sakacin mai ɗaure kayan ne ya jawo ta, kuma kana da damar ka ce a sa a ƙaramin kwali. Na biyu, tun 8 ga Satumban 2025 Hukumar Kwastam ta fara aiki da tsarin da ya yafe haraji a kan ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara, in ba haramtattun kaya ba ne. To in wani ya ce maka ka ƙaro "kuɗin kwastam" a kan agogon dala 40, ka ce ya nuna takarda.

Amma fa gaskiya ba Turawa ne suka fi damuna ba. Abin ya iso gida. Yanzu gwanjo ya dawo cikin wayoyinmu: a TikTok kai tsaye, a zaurukan WhatsApp, a Instagram. Ana buɗe dilar gwanjo ana ɗaga riga, "wa zai taya?", ko atamfa, ko jaka, ko kayan kicin. Kin taya, an sallama miki a farashin da ya sa kika yi hamdala, kin tura kuɗi. Sai washegari saƙo ya shigo: kuɗin wayabil kaza. A shafukan waje ko ba komai ana rubuta kuɗin turawa kafin ka taya. A namu sai kuɗinka ya shiga hannu sannan za ka ji, lokacin da ja da baya ya zama asara. Wata maƙwabciyarmu ta ci turamen atamfa biyu a irin wannan gwanjo daga Kano, aka ce mata wayabil N12,000. Da ta je tasha karɓa, ta tambayi direba, ya ce shi N5,000 aka ba shi. Ta kira mai kayan, amsar da ta samu ita ce, "Hajiya ai kin san yadda mai ya yi tsada."

Mai ya yi tsada, wannan ba ƙarya ba ne, kuma ba zan zauna nan in ce duk mai cajin wayabil da yawa macuci ne ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da N200 ta yi ta hawa har ta taɓa haura N1,000. Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce, ga shingaye, ga 'yan kamasho, ga masu lodi. A cikin Legas ɗin ma, ɗaukar kaya daga Agege zuwa Ajah aiki ne na yini guda. Mai kaya ta sayi leda da kwali da salatif, ta hau adaidaita zuwa tasha, ta ɓata lokacinta. Duk wannan haƙƙinta ne ta caja. Inda matsalar take shi ne sunan da aka ba kuɗin. In ta ce, "Direba dubu biyar, ɗauri da kai wa tasha dubu biyu," ba mai cewa uffan. In ta ce direba ne ya karɓi dubu goma sha biyu alhali biyar ta ba shi, ta sa ribarta a bakin wani, kuma ta faɗi abin da bai faru ba. Ba sai an je wurin malam ba kafin a san sunan wannan.

Kuma abin da ya sa nake ganin ya shafe mu fiye da kowa shi ne, zamanmu a kudu a kan me aka gina shi? Sabon Ibadan, Agege, Shagamu, duk fataucin goro da shanu ne ya kafa su, kuma fataucin nan da amana ya tafi. Mai shanu ya taso daga arewa ya sauka gidan maigida, a sayar masa da dabbobinsa bashi ga mahautan da bai taɓa gani ba, maigida ya tsaya masa. Dillali yana da la'adarsa, kowa ya san ta, ba a ɓoye take cikin kuɗin mota ba. Har gobe akwai Bayarabe ko Inyamurin da zai tura wa Bahaushe kuɗin buhun wake ko albasa a Mile 12 tun kafin ya ga kaya. Yanzu 'ya'yanmu da matanmu ne ke sayar da kilishi da turaren wuta da shadda da zuma ta waya, kuma yawancin masu sayensu ba Hausawa ba ne. Ranar da mai saye ya gano an ninka masa wayabil, ba sunan shagonki zai riƙe ba. Cewa zai yi 'yan arewa ma sun koya.

Doka fa? Akwai ta, a takarda. Dokar da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta hana a caji mutum fiye da farashin da aka nuna masa, ta kuma hana yaudara wajen talla. A Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin kan kanta ya saɓa da na wurin biya. Birtaniya ma daga Afrilun 2025 ta haramta a riƙa ɗiga wa mai saye kuɗaɗen dole ɗaya bayan ɗaya bayan an ja shi da ƙaramin farashi. Sai dai kanti yana da ƙofar da za a garƙame. Mai gwanjo a zauren WhatsApp ba ta da ita, kuma ban ga wanda zai bar sana'arsa ya je kai ƙara a kan N7,000 ba. Masu yin abin ma da wannan suka dogara.

Shi ya sa ni a ganina masu kula da zaurukan nan su ne hukumar da ta fi kusa. Ba wani abu mai wuya ba ne admin ya kafa sharaɗi cewa duk mai sa kaya a gwanjo sai ya rubuta kuɗin kai wa Legas, Ibadan, Fatakwal da Onitsha tun kafin tayin farko, kuma a ba mai saye lambar direba da hoton rasit. Wasu zaurukan sun fara, na gani. Mai saye kuma yana da 'yancin cewa zai turo nasa ɗan aike ya ɗauka, ko ya biya direba da kansa in kaya sun iso. Mai kayan da ta ƙi wannan ba tare da dalili ba, ta riga ta ba ka amsa.

Shi kuwa ɗan wana, ya rubuta wa mai madubin ya roƙi ragi a kuɗin turawa, ya nuna masa abin da wasu ke caja a kan irin kayan. Mutumin ya amsa da layi ɗaya cewa kuɗin a rubuce yake tun kafin ya taya, kuma gaskiyarsa ce. In ya ƙi biya za a sa masa tabo a asusunsa, shi kuma da asusun yake sayo kayan gyara. Ya biya dala 80. Madubin yana ɗakin ajiya a can, ana jiran a auna kwalin.