Tsohuwar Kwalejin Katsina da Azuzuwanmu na Yau

'Yan'uwa malamai, a cikin birnin Katsina akwai wani ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari a tsaye, wanda ya kamata duk mai riƙe da alli a ƙasar Hausa ya san labarinsa. An gina shi a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe shi a 1922 domin horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. A nan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, sannan ya dawo gida ya koyar a Midil ta Sakkwato. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce, suka sami horo. Dukansu da aikin malanta suka fara.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, inda maƙwabcinmu Shehu Shagari ya yi karatu kafin shi ma ya kama koyarwa. Daga can ta koma Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ginin Katsina kuwa ya zauna inda yake, har aka sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1959.

Abin lura shi ne, Turawan da suka kafa kwalejin da fasahar maginanmu suka yi amfani. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana sannu a hankali, bai sake shi sai dare ya yi, don haka ɗaki kan kasance da sanyi a lokacin da ake karatu. Rufin soro da ake shimfiɗa wa azarar giginya ba ya ƙara idan ana ruwa, gara kuma ba ta cika cin azarar ba. Inda ɗaki ya yi faɗi sai magini ya ɗaura bakan gizo ya ɗauki nauyin rufin, indararo kuma ya fitar da ruwa nesa da bango. Wannan ilimi ne da aka gada tun kafin zuwan Bature, kamar yadda aikin Babban Gwani a tsohon Masallacin Juma'a na Zariya ya shaida.

To, mu dubi inda muke koyarwa a Jabo da Tambuwal da Kebbe. Yawancin azuzuwanmu bulo ne mara kauri da kwano a sama, silin kuma ko dai ya rufto ko ba a taɓa sa shi ba. Daga watan Maris zuwa Mayu, da hantsi ya ɗaga sai aji ya koma tanda. Yaro ɗan aji biyu da gumi ke tsiyaya a kan littafinsa ba zai riƙe jadawalin sau ba, komai ƙwarewar malaminsa. Da damina ta faɗi, ƙarar ruwa a kan kwano kan haɗiye muryar malami, iskar farkon damina kuma ta yaye rufin da aka buga da katako mara ƙwari. Sa'o'in da ake asara ta haka ba a rubuta su a rajista, amma sukan bayyana a ranar jarrabawa, kuma a kan malami laifin ke faɗawa.

Za a ce mana ginin ƙasa sai da yaɓe kowace shekara, ga shi maginan da suka iya shi sun yi ƙaranci. Za a kuma ce Kwalejin Katsina ta ɗalibai kaɗan ce, maza zalla, da yawansu 'ya'yan sarakuna da manyan ma'aikata, alhali mu yaran gari duka muke karɓa, maza da mata. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba kira muke yi a rushe bulo a koma tubali ba. Muna cewa ne a ɗauki hikimar a haɗa ta da kayan zamani. An yi haka a ƙauyen Gando na Burkina Faso a 2001, inda Francis Kéré ya gina firamare da bulon ƙasa da aka gauraya da ɗan siminti, ya ɗaga kwanon sama da silin domin iska mai zafi ta sami mafita. Mutanen ƙauyen da kansu suka yi aikin, kuma a 2022 Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu tsara gine-gine. Ranarsu irin tamu ce, ƙasarsu ma haka.

Batun yaɓe kuwa, shi ne babban darasin. Ginin ƙasa ba ya kai shekara ɗari sai an riƙa kai masa hannu. Mu kuwa mun saba a buɗe sabon aji da biki, daga nan ba a sake waiwayarsa sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Ƙusa goma da aka ƙi bugawa da rani su ke jawo asarar rufi guda da damina.

Saboda haka muna ba reshenmu na Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya shawarwari huɗu. Na farko, kafin bazara kowane shugaban makaranta da malamansa su rubuta halin da kowane aji yake ciki, reshe ya tattara ya miƙa wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a rubuce. Na biyu, mu nemi a riƙa jin ta bakin malamai kafin a aza harsashin sabon aji, game da tsawon bango da silin da tagogi masu fuskantar juna da baranda, domin tun ran gini ran zane. Na uku, kwamitocin kula da makarantu da iyaye su tsayar da rana guda a shekara ta gyara da dashen darbejiya. Na huɗu, mu rubuta tarihin tsofaffin makarantunmu daga bakin malaman da suka yi ritaya tun suna raye, mu kuma shirya ziyarar wakilanmu zuwa Katsina su ga ginin da idonsu.

Muna neman albashi a kan lokaci da ƙarin girma, kuma haƙƙinmu ne. Ɗakin da muke wuni a cikinsa tare da 'ya'yanmu shi ma yana cikin sharuɗɗan aiki, don haka a sanya shi cikin jerin batutuwan taronmu na gaba. Allah ya taimaki malamai, ya albarkaci abin da muke koyarwa.