Lafiyar Iyali: Matar da ta mai da sauraron jita-jita aikinta

 

Kwanakin baya wata ɗalibata a ajin matan aure ta tsaya bayan an tashi, ta ce da ni, “Malama, an turo mini saƙon murya a waya wai allurar rigakafi tana hana haihuwa, shi ya sa ban kai jaririyata ba.” Har na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na tuna da wata mata da ta shafe shekaru tana nazarin irin wannan magana. Labarinta nake so mu duba a wannan watan.

Sunanta Farfesa Heidi Larson, Ba'amurkiya ce. Ba likita ba ce, abin da ta karanta shi ne ilimin halayyar ɗan Adam da al'adunsa, ta kuma samu digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Daga baya ta shugabanci sashen wayar da kai kan rigakafi a Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF.

Tana kan wannan kujera ne a shekarar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa. Da yawanmu mun ga wannan zamani da idonmu. Sai a watan Yulin 2004 Kano ta ci gaba, bayan an samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin nan cutar ta riga ta tsallaka ƙasashen da suka rabu da ita, yara da dama suka nakasa.

Masu ilimi da yawa sun ce jahilci ne kawai. Ita kuwa sai ta tsaya tambayar me ya sa mutane suka gaskata. Ai ruwa ba ya tsami banza. Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara wajen 200, 11 suka rasu, iyaye kuma suka yi ƙorafin ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Ga kuma tambayar da uwa take yi a ranta: me ya sa ake biyo ni har ɗaki da wannan kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yarona sai na sayi magani?

A 2010 ta kafa wani shiri mai suna Vaccine Confidence Project a makarantar nazarin lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, aikinsa bibiyar abin da jama'a ke faɗa kan rigakafi tun maganar ba ta yi ƙarfi ba. Binciken da suka fitar a 2016 a ƙasashe 67 ya nuna Faransa ce ta fi kowa fargabar illar rigakafi. Kun ga ashe abin ba na talaka ko na wanda bai je boko ba ne kaɗai. A 2020 ta wallafa littafinta mai suna Stuck, inda ta nuna jita-jita tana samun gindin zama ne a inda yarda ta yi rauni, kuma mai tambaya ya rasa mai sauraronsa.

Da Arewa ma abin da ya yi aiki ke nan. Da sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida suka sa baki, aka zauna aka fahimci juna, sai aka ci nasara, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

To 'yar uwa, darasi biyu ne. Na farko, tambaya ba laifi ba ce, amma ki kai ta inda ake da amsa, wato wurin ma'aikaciyar lafiya ko likita, ba zauren biki ba. Suratul Hujurati ta umarce mu da tantance labari kafin mu yi aiki da shi, hadisi kuma ya gargaɗe mu kan yaɗa duk abin da kunne ya ji. Kafin ki tura saƙo gaba, ki tuna wata uwar za ta yanke hukunci a kan ɗanta da shi. Na biyu, in makwabciyarki tana shakka, kada ki kira ta jahila. Ki saurare ta.

Ni ma haka na yi. Da na saurara, ashe tsoron ɗalibata ya samo asali ne daga tsawar da aka taɓa yi mata a wani asibiti da ta yi tambaya. Washegari na raka ta, aka yi mata bayani cikin mutunci, aka yi wa jaririyar allurarta.

Allah Ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.