Kada Hunturu Ya Naɗe Tabarmar

Ba a gane ƙarfin niyyar mai motsa jiki sai sanyi ya kama. A watannin Disamba da Janairu, idan hazo ya rufe Kano da Zariya, mutanen Jos kuma suka shiga ninka riguna, bargo yakan kayar da mutane da yawa. Masu yoga, wato salon miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi da ya samo asali daga Indiya, su ma ba su tsira ba.

Abin takaici, lokacin da ake barin motsin shi ne lokacin da jiki ya fi bukatarsa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa hawan jini kan tsananta a wannan yanayi, tsoka ta yi tauri, gaɓoɓi su sandare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ba ta kuma ɗauke wa kowa a hunturu ba.

A nan ne yoga ta fi gudu a titi. Ƙurar hunturu tana tayar da asma, mai gudun asuba kuwa baki buɗe yake zuƙarta. Mai yoga tabarma kaɗai yake bukata a ɗaki, yana shaƙar iska ta hanci, wanda ke ɗumama ta ya tace ta kafin ta isa huhu.

Masu ɗari-ɗari da yoga saboda alaƙarta da addinin Hindu suna da hujja. Majalisar Malaman Indonesiya ta duba batun a 2009, ta haramta wa Musulmi wadda ta ƙunshi kirarin bauta, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Kan wannan ta biyu nake magana.

Sai a kiyaye abu uku. A ɗumama jiki da taka ƙafa na minti biyar kafin miƙewa, domin tsoka mai sanyi saurin gurɗewa gare ta. Mai hawan jini ya guji tsayuwar kai ƙasa. Kada kuma a rufe ɗaki da kaskon garwashi, iskarsa tana kisa ba tare da wari ba.

Wanda ya saba yin minti arba'in, idan sanyi ya yi tsanani, ya rage zuwa goma, amma kada ya tsallake rana. Tabarmar da aka naɗe a Disamba da niyyar komawa in an sha iska, sau da yawa bazara kan same ta a bayan ƙofa. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.